Farantin da Ya Karkace a Tudun Vimtim

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya nufa. A ranar Juma'a, ɗaya ga watan Agustan 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Abdulhamid Isyaku, bayan ya faɗo daga ƙarfen sabis ɗin da ya kafa a kan tudun da ke gefen hanyar Vimtim. An sallace shi bayan la'asar a ƙofar gidansu da ke Sabon Layi, a nan Mubi. Ya bar mahaifiyarsa Inna Mairama, da matarsa Hapsatu, da 'ya'ya mata biyu, Fa'iza da Zulaiha. Ni Murtala, wanda ya koya wa aiki, ni ne nake tsaye a gindin ƙarfen lokacin da abin ya faru.

Yaya Abdulhamid, tun ranar nake ɗaukar waya in rubuta maka wani abu, sai in ajiye. Wasu sun riga ni. Kafin a dawo daga maƙabarta sun sa hotonka na Sallah a intanet, sun rubuta mutumin kirki, sun jera alamar kuka a ƙasa. A cikinsu akwai waɗanda suka hana wayarka hutawa a safiyar nan. Zan zo kansu. Ka sha ce min bakina ya fi hankalina sauri, zan yi ƙoƙari in riƙe shi saboda kai, amma ban yi alkawari ba.

Waɗanda suka zo gaisuwa daga Yola da Katsina sun yi ta tambaya, wai me ya kai mutum mai karatu irinka saman ƙarfe da damina? Bari in yi musu bayani yadda ka yi min. Akwai wani ɗaki a saman bene kusa da kasuwa, na Oga Garba, inda samari suke zama gaban kwamfuta suna cinikin kuɗaɗen waje ta intanet, abin da suke kira forex. Suna sayen dala da fam da yuro waɗanda ba su taɓa riƙewa a hannu ba, suna sayarwa. Farashin ba ya tsayawa, kafin ka ƙifta ido ya motsa. In mutum ya danna saye a Mubi, sai saƙon ya je wata na'ura a Landan ya dawo. In ya yi nawa a hanya, farashin da ka gani ya riga ya wuce, wani za a ba ka wanda ya fi shi muni. Wannan jinkirin shi ne abokin gabarsu, kuma akwai wata lamba a kusurwar allo da take nuna shi. In ta hau, ɗakin ya cika da tsaki. In ta sauka, kowa ya zama mai fara'a. Aikinka shi ne saukar da lambar nan. Shi ke nan. A kan wannan lamba muka binne ka.

Kai ba ka taɓa danna saye ko sayarwa ba. Mahaifinka ɗan canji ne a kasuwar nan, naira da sefa, shi da fataken Kamaru, kuma kakan ce shi hannu da hannu yake yi, farashi bai taɓa zame masa tsakanin miƙawa da karɓa ba. Da samari suka matsa maka ka buɗe naka asusun, sai ka ce zuciyarka ba ta kwanta da abin ba, kai mai gyaran hanya ne, motar ba taka ba ce. Na taɓa ce maka ai mai gyara wa ɓarawo tsani ma yana da nasa kason. Ba ka yi fushi ba. Ka ce ka tambayi malamai biyu sun ba ka amsa biyu, kana nan kana neman na uku.

A ƙarƙashin matakalar benen nan ka same ni, ina da tebur na cajin waya. Na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare, bakina ne ya kore ni, ba sai na faɗi yadda aka yi ba. Amma ban bar karatu ba. Jaridar da mai tsire ya naɗe min nama, takardar cikin kwalin magani, duk abin da ke da rubutu sai na bi shi, kalmar da ta gagare ni in nema a waya. Wata rana ka sauko ka tarar ina karanta ɗan littafin da ya zo a kwalin wata na'urar da ka jefar. Ka tambaye ni me na gane. Na ce na gane wanda ya rubuta shi bai taɓa zuwa Mubi a watan Afrilu ba, tunda ya ce kada a ajiye na'urar inda ake zafi. Ka yi dariya har sai da ka zauna a bencina. Washegari ka kawo min wasu littattafan, ka ce in na gama in hau sama in same ka. Ba wanda ya taɓa ce min in hau sama kafin kai.

Na ga yadda ka yi yaƙi da lambar nan kaɗan-kaɗan. Da farko da layin waya suke aiki, ranar kasuwar shanu kuwa garin ya cika da baƙi, kowa na kira, sai lambar ta haukace. Ka fara da cikin ɗakin, ka ja wa kowace kwamfuta wayarta, muka yini a durƙushe muna buga ƙusa a bango. Ka kama musu hayar wata kwamfuta a can Landan, kusa da na'urar dillalinsu, don saƙon ya rage yawo. Ka gwada farantin tauraron ɗan'adam, yana da kyau har sai hadari ya taso, daga nan sai ya fara yankewa. Akwai lokacin da lambar take tashi kullum bayan azahar, ba wanda ya san dalili, Oga Garba yana ta faɗa wai aikinka ne bai yi ba. Ka bincika ka gano shi da kansa ne yake kallon ƙwallo a ofishinsa a kan layin. Ba ka faɗa wa kowa ba, ka ja masa layi daban ka rufe bakinka, ka kuma roƙe ni in rufe nawa. Na rufe muddin kana raye. Yau dai na faɗa.

Daga ƙarshe ka ce sai an ɗauko sabis daga inda babbar wayar ƙarƙashin ƙasa ta tsaya, a harbo shi ta iska zuwa benen da faranti a saman dogon ƙarfe. Gidaje da itatuwa sun tare tsakani, don haka sai an sami tudu. Ka yi ta yawo a babur daga Digil har Mayo Bani kana duban tuddai kamar mai neman fili, har ka dace da na Vimtim, a tsakiyar gonar gyaɗar Mama Salomi. Ita kuwa abu ɗaya ta nema, ta riƙa ganin fuskar 'yarta Dorathy da ke aure a Jos. Ka ɗaura mata wata ƙaramar na'ura mai ba wayoyi intanet a ƙasan ƙarfen, ka bar ta a buɗe ga kowa. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci sai ka ga mata zaune a gindin ƙarfen da wayoyinsu suna gaisawa da 'ya'yansu. Oga Garba ya yi ƙorafi za su rage masa gudu, ka ce masa hanyarsu daban ce, ya kwantar da hankalinsa. Ƙarfen kuma Nathaniel ne ya haɗa shi, mai walda, mutumin Michika, abokinka tun kafin in san ka. Da Kirsimeti kai ne mai fara isa gidansa, da layya shi ne mai riƙe maka ƙafar rago.

Ga yadda muke saita farantin. Mutum biyu ake buƙata. Kai kana sama da sifana, ni ina ƙasa da kwamfuta, waya a kunnen kowa. Kana juya farantin ɗan kaɗan, kamar kaurin farce, ni ina karanto maka lambar, ta hau ko ta sauka, har mu dace da inda ta fi sauka ka ɗaure noti. Ranar farko na yi ta ɗaga kai ina kallonka, ka yi min faɗa ta waya. Ka ce idona a kan allo, in na dube ka lambar ta wuce ni, mu sake daga farko, kai kuma ka ƙara daɗewa a sama. Na ji maganarka, Yaya. Na ji ta sosai.

Juma'ar farko ta kowane wata ita ce babbar ranarsu. Da ƙarfe ɗaya da rabi Amurka take fitar da alƙaluman ayyukan yi, farashi ya yi tsalle, wanda saƙonsa ya riga isa ya ci, wanda ya makara ya sha ƙasa. Ɗakin yakan cika maƙil, har da waɗanda ake jin huɗuba ta lasifika suna zaune ba su motsa ba. Ranar Alhamis da yamma aka yi iska mai ƙarfi ta ɗan gusar da farantin. Sabis bai ɗauke ba, kowa ya sani bai ɗauke ba, lambar ce kawai ta ninka. Tun bayan asuba Oga Garba ya fara kira. Ka fito ƙofar gida ka dubi gabas, wajen duwatsun Kamaru, ka ce masa akwai hadari, a bari sai gobe. Ya sake kira. Samarin suka fara nasu kiran ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a kan babur ɗinka ina jin abin da suke faɗa, ba zagi suke ba, da zagi ne da na amsa musu da kaina. Cewa suke sun dogara da kai, ba su da kowa sai kai, amana ce. Sun san ka. Sun san kalmar da ba ka iya tsallakewa. Ka shiga gida ka ɗauko jakar aiki da farar rigarka ta masallaci a ninke, ka ce mu je mu dawo kafin a shiga huɗuba.

Da muka isa akwai rana, amma gabas ta yi baƙi. Ka buɗe kwaɗon shingen da ke kewaye da ƙarfen, ka ɗaura bel ɗin tsaro, ka hau. Bel ɗin ƙugiya ɗaya gare shi, kuma in mutum zai zagaya bayan farantin dole ya cire ta daga wannan ƙarfe ya maƙala a wancan. Tsakanin cirewa da maƙalawa hannunsa ne kawai ke riƙe da shi. Mama Salomi ta taso daga cikin gyaɗa da fartanya a kafaɗa, ta ɗaga kai ta ce, "Injiniya, ka sauko, iska yana zuwa." Na ji ka a kunnena ka ce mata yanzu, Mama, saura kaɗan. Ni idona na kan allo. Lambar tana sauka, ina karanto maka, kana cewa madalla, ƙara faɗa. Wayar Oga Garba tana ta shigowa tana katse mu. Ka ce bari ka zagaya ka ɗaure notin baya.

Iskar ta zo gaba ɗaya. Ta nemi rufe min kwamfutar a kan yatsu, na sa hannu biyu na tare murfin. A kunnena na ji ka fara kalmar shahada, wallahi na ji, na faɗa wa Inna kuma zan faɗa a gaban Allah. Sai ƙarar ƙarfe, sai ihun Mama Salomi, sai wata ƙara a bayana wadda ba zan siffanta ba. Ban ga faɗowarka ba. Ina tsaye ƙasa da kai, aikina ke nan, ban gani ba. Mutanen gona suka tare mana motar da ta ɗauko masara za ta kasuwa, muka shimfiɗa ka a kan buhuna. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. A cikin motar wayata ta yi ƙara, na ɗauka da hannun da ke da jininka, Oga Garba ne, yana tambaya me muka taɓa sabis ya ɗauke gaba ɗaya.

Bai sani ba a lokacin, wannan gaskiya ne, kuma ya yi kuka a wajen jana'iza, kukan da ban ce na ƙarya ba ne. Na san kwana ne ya ƙare. Kowa ya faɗa min, liman ya faɗa min, na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Ban ce wani ya kashe ka ba. Abin da na ce shi ne akwai mutanen da suka dubi sama ɗaya da wadda ka duba, suka ga baƙin da ka gani, suka ci gaba da kira. Wannan ba zan janye shi ba ko wa zai zo ba ni haƙuri.

Yaya, tsoro nake ji. Ban taɓa faɗin wannan a gaban mutane ba, ni da ake cewa ba na shakkar kowa. Iska ta kaɗa kwanon rufi da rana tsaka sai in zabura in miƙe. Matakalar benen nan da nake hawa da gudu, yanzu sai na dafa bango. In na ga ƙarfen sabis daga nesa, ko na kamfanin waya ne, sai in kau da kai. Na hau naka sau da yawa da rani, kana ƙasa kana tsokanata wai na rungume ƙarfe kamar na ga uwata. Yanzu ko tsani aka jingina a bango sai in sauya hanya.

Kuma farantin yana nan a karkace. Da za ka faɗo ka kama shi, ya sunkuya yana kallon gonar. Ɗakin Oga Garba sun koma layin waya, lambarsu ta koma inda take kafin ka zo. Ranar addu'ar bakwai, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gidanku, ana raba waina, ya matso kusa da ni har kafaɗarmu ta haɗu. Ya yi min gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, sannan ya ce Juma'ar farko ta Satumba tana tafe, kuma duk garin nan ba wanda ya san saitin farantin sai ni. Ya ƙara da cewa in tuna hayar ƙarfen nan da suke biya ita ce abincin Fa'iza da Zulaiha, in sabis bai dawo ba samari za su watse, ƙarfen ya zama kwangiri a gona. Na buɗe baki in ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ga Inna Mairama ta leƙo daga zaure. Na haɗiye. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganarsa ta biyu gaskiya ce.

Na je wurin Nathaniel a rumfar waldarsa, ina tsammanin zai ce in rabu da su. Tun rasuwarka bai kunna injin ba. Yana zaune a kan tsohuwar taya, ya rame. Mutumin nan ya haura hamsin, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa tun haɗarin babur, bai kuma taɓa saita faranti ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce Oga Garba ya riga ni zuwa, kuma shi ya amsa masa zai hau. Ya ce, "Ni na yi waldan ƙarfen nan. Idan zai ci mutum kuma, bari ya ci ni. Kai ka zauna a ƙasa da kwamfuta naka." Na zage shi, Allah Ya yafe min, dattijo ne. Na ce masa da wace ƙafar zai hau, ta aro? Na gane da gaske yake, ya ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba, yana neman inda zai sauke.

To ka ga inda aka sa ni. In na ƙi, Nathaniel zai hau, ko wani cikin samarin ɗakin da bai taɓa riƙe sifana ba, ni kuma in sake tsayawa a ƙasa ina karanta lamba. In na yarda, watan Agusta ne, kullum gabas a haɗe take. Na kwana biyu ba na iya cin abinci sosai. Daga ƙarshe na ce gara ni. Ba jarumta ba ce, na auna ne na ga tsayawa a ƙasan ya fi ba ni tsoro.

Bel ɗin da mabuɗin shingen suna cikin jakar aikinka, jakar kuwa an kawo ta gida tare da kai. Sai na je karɓa. Ka san Anti Hapsatu tana takaba, ba ta fita, ba ta zama da maza. Na yi sallama, Inna Mairama ta shigar da ni tsakar gida, na durƙusa daga nesa da ƙofar ɗakin, labule a sake. Na gaishe ta, ta amsa daga ciki. Na faɗa wa Inna abin da ya kawo ni, da ƙarfi yadda Anti za ta ji. Zulaiha ta fito ta tsaya tana kallona da yatsa a baki, Inna ta kore ta.

Sai Anti Hapsatu ta tambaye ni daga bayan labule ko ruwa ya ɗauke ne. Na ce bai ɗauke ba. Ta tambaya ko an sake wani bel ɗin ne, na ce shi ne dai. Ta tambaya wa zai hau. Na ce ni. Na yi mata bayanin haya da abincin yara, duk abin da Oga Garba ya faɗa min na maimaita kamar nawa ne. Ta bar ni na kai ƙarshe. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Murtala, jakar tana nan ƙarƙashin gadona. Kayan mijina ba za su fita daga ɗakin nan kafin ni ba. Ranar da na fita takaba ka zo ka karɓa. Yarana kuma ba su ce maka suna jin yunwa ba."

Na ce Anti, mutanen nan ba za su jira ba. Ta ce duk wanda ba zai iya jira ba ya zo da kansa ya tsaya inda na tsaya ya tambaye ta. Inna Mairama tana zaune a kan turmi tana jan carbi, ba ta sa baki ba sai a nan. Ta ce ai wata huɗu da kwana goma ba shekara ba ce, lokacin an gama yankan dawa, sama ta bushe. Sai a lokacin na gane abin da suka yi, sun tare ni ne kada in hau da damina. Na sunkuyar da kai na yi kuka a tsakar gidanka kamar ƙaramin yaro, ba wadda ta ce in yi shiru.

Na kai wa Oga Garba saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba, na ma ɗan ƙara gishiri. Ya ce ai kwaɗo ba wani abu ba ne, a sa zarto, bel kuma a sayo sabo. Na ce bismillah, amma ya sani ƙarfen da shingen da kwaɗon duk dukiyar marayu ce da ba a raba ba, ya je ya yanka da rana kowa na gani. Na kuma ce masa ƙofar gidan a buɗe take, ya je ya yi wa mai takaba bayanin alƙaluman Amurka. Bai je ba. Ba zai je ba, duk rashin ta-idonsa bai kai nan ba. Ya aika wani ya dubo shingen, Mama Salomi ta tare shi tun daga bakin gona, ta ce masa jinin mutum ɗaya ya ishi gyaɗarta. Na faɗa wa Nathaniel, jiya kuma da na wuce na ji ƙarar injinsa.

Don haka Juma'ar farko ta Satumba za ta zo ta wuce farantin yana kallon ƙasa, haka ta Oktoba, haka ta Nuwamba. Masu dannawa su danna da jinkirinsu. Wasu sun fara kwashe kwamfutocinsu, wataƙila kafin lokacin ɗakin ya zama na masu ɗinki, ban sani ba. Ban kuma san me Anti Hapsatu za ta ciyar da yaran nan da shi ba, ta dai ce kada in sake tambaya. Na koma teburin cajina, abin da Allah Ya hore za mu raba.

Amma kada ka ɗauka tsoron ya tafi, Yaya. Ɗaga masa rana aka yi. Ranar da Anti ta fita takaba za ta miƙo min jakar nan, matan Vimtim suna jiran ganin 'ya'yansu, kuma ba wanda zai hau sai ni. Nakan zauna a bencin nan in ji ina lissafin watanni, rabin zuciyata na so ta fita ta huta, rabi na so kwanakin su yi nawa.

Ya Allah, ga bawanka Abdulhamid ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Ka karɓi kalmar da ya fara a sama, Ka cika masa ita. Abin da ya yi shakka a kansa na sana'arsa, Ka san bai daina tambaya ba, Ka yafe masa. Duk uwar da ta ga fuskar ɗanta a gindin ƙarfen nan, Ka sa ladan a mizaninsa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Mairama, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kike nuna mana. Ga Anti Hapsatu, Allah Ya fitar da ke takaba lafiya, Ya saka miki da abin da bakina ba zai iya faɗa ba. Fa'iza da Zulaiha, Allah Ya raya ku Ya tsare ku, in kun girma kun karanta wannan ku san babanku mutum ne da ba a taɓa cewa an dogara da shi ya juya baya ba. Ga Nathaniel da iyalinsa, da Mama Salomi da mutanen Vimtim da suka ɗauke shi da hannuwansu, da 'yan'uwa na Yola da Katsina, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Har da Oga Garba da samarin ɗakinsa, su ma sun yi rashi, Allah Ya yafe mana da su.

Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In ya gama, ya ɗan ƙara da ni. Disamba ba ta da nisa.